SAKE ALTANETAR MOTA A ƘOFAR GIDA: ABIN DA YA KAMATA DIREBA YA SANI

Akwai wani maƙwabcina a Agege, mutumin ƙasar Funtuwa, wanda ya daɗe yana haya da babur a Ikeja. Da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida cikin watan Yuni na 2022, har da Ikejan, sai ya sayar da babur ɗin, ya haɗa da ɗan abin da ya tara da gudummawar wansa mai sayar da albasa a Mile 12, ya sayi tsohuwar Corolla. Da ita yake ci, da ita yake biyan kuɗin haya, da ita kuma yake aika wa tsohuwarsa ɗan abin cefane kowane ƙarshen wata.

Wata Lahadi cikin damina ya ɗebi iyalinsa suka tafi suna a Sabon Badun. Tun da safe ya ga wata 'yar jar fitila mai siffar batir ta kama a allon gabansa, amma da yake mota tana gudu lafiya lau, bai kula ta ba. Da dare suna kan hanyar komowa ruwa ya kece. Sai fitilu suka fara yin rauni, waifa ta koma tana jan jiki da ƙyar, rediyo ta ɗauke. Suna hawa doguwar gadar nan da ke gab da Kara, mota ta yi shiru. Ga mace, ga yara uku, ga duhu, ga shi kuwa wuri ne da kowane direba ya san ba a son tsayawa ko da rana tsaka. Allah ya taimake shi da wani direban a-kori-kura da ya ja su zuwa Kara, suka kwana wajen 'yan'uwa masu shanu.

Kashegari ya yanke hukunci da kansa cewa batir ne ya mutu. Ya ci bashi ya sayo sabo. Mota ta tashi nan take, ya yi murna. Bayan kwana biyu ta sake mutuwa a tsakiyar gosulo a Oshodi. Sa'an nan ne wani dattijon rewaya ya gaya masa cewa tsohon batirinsa ba shi da laifin komai, altaneta ce ta daina caji.

To jama'a, saboda irin wannan hasara ta sau biyu ne muka ga ya kamata yau mu tattauna a kan wannan ƙarfe, domin da yawa daga cikinmu a nan Kurmi mota ita ce gonarmu.

MENE NE AIKIN ALTANETA?

Mutane da dama suna zaton batir ne ke riƙe da mota tana tafiya. Ba haka ba ne. Aikin batir shi ne ya ba kik wuta ya tayar da injin. Da zarar injin ya tashi, altaneta ce ke karɓar ragama. Ita ke ba filogi wuta, da fitilu, da waifa, da fanka, da famfon mai, da kwamfutar mota, sa'an nan ta mayar wa batir abin da ya kashe wajen tayar da injin. Watau batir randa ce, altaneta kuwa rijiya. In rijiya ta ƙafe, kome girman randa ƙarewa za ta yi, kuma sayen sabuwar randa ba ya kawo ruwa.

Yadda take aiki ba wani abin ruɗani ba ne. Injin yana jan fambel, fambel yana juya fulin da ke bakin altaneta, fuli yana juya wani dunƙulen ƙarfe mai maganaɗisun lantarki a cikin naɗaɗɗiyar wayar tagulla, wadda rewayoyi ke kira kwil. Wutar da ke fitowa daga kwil mai kai da komo ce, irin ta gida, batir kuwa ba ya cin irinta. Don haka aka sa wasu ƙananan abubuwa da ake kira dayod, galibi guda shida, su daidaita ta ta riƙa bin hanya ɗaya. Akwai kuma katawut, wanda ke tsare ƙarfin wutar kada ta yi yawa ko ta yi kaɗan, da burushin kabon guda biyu, da boris biyu, gaba da baya. Iyakar kayan cikinta ke nan, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana iya ƙarewa shi kaɗai.

Dattawan direbobi za su tuna zamanin dinamo, wanda ba ya caji sosai sai mota tana gudu. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sa altaneta a motar talakawa kai tsaye daga masana'anta, a motarsa Valiant ta 1960, sauran kamfanoni suka bi sahu. Fifikonta a kan dinamo shi ne tana ba da wuta ko injin yana sulo, abin da ya fi kome amfani ga mai tuƙi a Ikko.

ALAMOMIN TA FARA GAJIYA

Ta farko ita ce jar fitilar nan mai siffar batir. In ka murɗa makulli ya kamata ta kama, in injin ya tashi ta mutu. In ta zauna a kunne, ko tana ƙiftawa kana tafiya, to ana gaya maka caji ya tsaya. In kuma ka murɗa makulli ba ta kama ba ko kusa, shi ma abin dubawa ne, domin a tsofaffin motoci ta cikin wannan ƙwan fitila ne wutar farko ke bi ta tayar da altaneta.

Sauran alamomin su ne fitilun gaba su dushe in kana tsaye su yi haske in ka taka totur, oda ta shaƙe, gilashin ƙofa ya riƙa hawa a hankali, mota ta ƙi tashi da safe sai da turi. In ka ji gurnani ko kuka daga wajenta, boris ne. In ka ji ƙara mai tsini da sassafe ko bayan ka shiga ruwa, fambel ne ke santsi. In kuwa ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai daga batir, katawut ya lalace, tana dafa batir da wuta fiye da kima.

In fitilar ta kama kana kan hanya, fara duban allurar zafi. A motoci da yawa fambel ɗaya ne ke jan altaneta da famfon ruwa. In sitiyari ya yi nauyi, zafi yana hawa, to fambel ne ya tsinke, tsaya nan take kafin ka ƙone injin. In kuwa zafi yana daidai, kashe iyakwandishan da rediyo da duk abin da ba dole ba, kada ka kashe injin, ka nufi gidan mai ko inda jama'a suke. Batir shi kaɗai da wuya ya riƙe mota fiye da awa guda, in da fitilu da waifa ma ba ya kaiwa. Kada ka hau Gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 da wannan fitila a kunne.

ABIN DA KE KASHE TA A KURMI

Altanetar da za ta daɗe a Katsina ko Gusau tana iya gajiya da wuri a nan. Ruwan sama ya fi yawa, tituna suna cika, direba ya kutsa cikin kududdufi, ruwa da taɓo su shiga boris da burushi. Iskar bakin teku a Ikko da Fatakwal tana sa tsatsa a kan wayoyi. Ga gosulo, inda mota za ta yi awa biyu tana sulo da iyakwandishan da fanka da fitilu, altaneta tana aiki iyakar ƙarfinta ba tare da iskar da za ta sanyaya ta ba. Ga masu wankin mota da ke feshe injin da ruwa mai ƙarfi. Ga kuma baƙin mai da ke ɗiga a kanta daga murfin injin. Duk wanda ya sa sabuwar altaneta bai toshe yoyon mai ba, ya shirya sayen wata.

AUNA KAFIN KA SAYA

Mitar auna wuta, irin ta masu gyaran rediyo, ba ta da tsada, kuma ta fi kowace shawara ta bakin tasha. Juya ta zuwa DC 20, ɗora jan tsinke a kan batir mai alamar (+), baƙin a kan mai alamar (−). In injin a kashe yake, lafiyayyen batir zai nuna bolt 12.4 zuwa 12.6. Tayar da injin ka sake aunawa. Ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Kunna fitilu da iyakwandishan, a ɗan taka totur, bai kamata ya sauka ƙasa da 13 ba. In lambar ba ta motsa daga 12 ba, babu caji. In ta haura 15, katawut ne. Sai dai wasu motocin zamani kwamfuta ce ke sarrafa cajinsu, takan rage shi da gangan in ba a bukata, saboda haka a irinsu sai ka kunna fitilu kafin ka yanke hukunci.

Ko da mita ta ce babu caji, kada ka yi saurin ɗora wa altaneta laifi. Duba fambel ko ya saki. Duba kawunan batir ko sun yi farin gishiri ko suna rawa. Duba wayar da ta haɗa batir da bodi. Duba babban fiyus na caji a akwatin fiyus, da soket ɗin da ke bayan altaneta. Sau da yawa a nan ciwon yake, kuma maganinsa bai wuce goga da ɗaure noti ba.

Akwai wata al'ada da ya wajaba mu bari, watau cire kan batir injin yana aiki don a ga ko mota za ta mutu. A zamanin Fijo 504 ta Kaduna an sha yi an kwana lafiya. A motar yau wuta tana iya yin tsalle ta ƙone dayod, ko ta ƙone kwamfutar mota, wadda kuɗinta ya ninka na altaneta. In bakanike ya kai hannu zai yi maka haka, riƙe hannunsa.

GYARA KO SAYE?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kayan mota sun yi tashin gwauron zabo. Don haka ka fara kai tsohuwar wurin rewaya. In burushi ne, ko katawut, ko boris, ana sakewa da kuɗi kaɗan. In kwil ya ƙone ko gidan ya tsage, gara a sake ta ɗungum.

Wuraren saye sanannu ne: Ladipo a Mushin, kasuwar Gate a Badun, Nkpor da Mgbuka Obosi kusa da Anacha, Ikoku a Fatakwal. Ko'ina ka je, ka je da tsohuwar a hannunka, zuwa da kai ya fi aike. Ajiye su gefe da gefe ka gwada abu biyar: kunnuwan da noti ke shiga, siffar soket da yawan haƙoransa, yawan layukan fuli, lambar da ke jikin takarda, da ƙarfinta na amfiya, wanda bai kamata ya gaza na tsohuwar ba. Juya fuli da hannu, ya tafi sumul ba ƙara ba girgiza. Shinshina ta, in tana ƙauri bar ta. A gwada maka ita a gabanka, a ba ka rasit mai lambar shago da kwanakin garanti, ka kuma yi mata wata alama taka. Taya shago uku kafin ka biya, kuma ka yi hattara da masu tare mutum a bakin kasuwa su ce za su kai shi, domin ladansu a cikin kuɗinka yake. Maƙwabcin nawa ya fara sayo wadda ta fi araha, ya zo gida ya tarar soket ɗin bai shiga ba, ya sake ɓata yini guda da kuɗin mota. Araha dai ba ta ado.

YADDA AKE SAKE TA

Tanadi sifanu masu lamba 10, 12 da 14, da dogon sifana na sassauta fambel, da sukuddireba, da tsumma, da mita, da wayar hannu mai ɗaukar hoto. Zaɓi safiya, wuri mai shimfiɗe, injin ya huce sarai. In gidan haya kake, sanar da mai gida, kuma kada ka tare wa maƙwabta hanya. Ja burkin hannu, sa dutse a taya, zare makulli ka sa aljihu. Tuɓe babbar riga, cire zoben azurfa da agogo. Zobe in ya haɗa wuta da bodi yana yin ja nan da nan ya ƙone yatsa. Kori yara daga wurin.

1. Kwance baƙar wayar batir mai alamar (−) tukuna, ka kawar da ita gefe yadda ba za ta komo ta taɓa ba. Wannan shi ne mafi muhimmanci duka, domin babbar wayar altaneta tana ɗauke da wutar batir ko mota a kashe take. In rediyonka mai lambar sirri ne, tabbata kana da lambar kafin ka cire.

2. Ɗauki hoton yadda fambel ya zagaya fulolin, ko ka zana a takarda. Ɗauki hoton wayoyin bayan altaneta.

3. Sassauta fambel. A tsofaffin motoci za ka sassauta notin ƙasa da na saman da ke kan ƙarfe mai dogon rami, ka tura altaneta wajen injin. A sababbi akwai fuli mai sifirin da ke ɗaure fambel da kansa. Sa dogon sifana a kansa, a Corolla irin ta 2003 zuwa 2008 lamba 19 ce, ka danna a hankali, ka zame fambel, ka sake shi a hankali. Kada yatsanka ya shiga tsakanin fambel da fuli.

4. Ɗaga robar da ta rufe babbar waya, kwance notinta, cire wayar. Danna harshen soket ka zare shi. Kada ka fizgi waya, robar ta tsufa, karyewa take yi.

5. Kwance notocin da ke riƙe da altaneta, kana tallafe da ita da ɗaya hannun, domin tana da nauyi. In ta cije, girgiza ta ko ka ɗan ɓanɓare ta da ƙarfe a hankali. Kada ka doke ta da guduma. Zuba notoci a gwangwani.

6. Sake gwada tsohuwa da sabuwa. Goge mazauninta tas, domin ta jikin wannan ƙarfe ne wutarta ke komawa. Duba fambel, in ya tsattsage ko ya yi sheƙi ko ya sha mai, sake shi yanzu tun hannunka yana wurin.

7. Zaunar da sabuwar, ɗaura duk notocin da hannu tukuna, sai sun shiga daidai sa'an nan ka ɗaure da sifana. Mayar da soket har ka ji ya ce ƙas. Mayar da babbar waya, ɗaure ta daidai wa daida, in ka matsa da yawa ƙusar tana karyewa. Rufe ta da robarta.

8. Mayar da fambel bisa hoton da ka ɗauka, ka bi kowane fuli da ido da yatsa ka tabbata ya zauna a layinsa. A mota mai ɗaurin hannu, danna tsakiyar fambel da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya. In ya saki ba zai yi caji ba, in ya ɗame da yawa zai cinye boris.

9. Tabbata batir a cike yake. In ya mutu, kai shi wurin mai caji tukuna. Ɗora wa sabuwar altaneta mataccen batir kamar a ɗora wa ɗan maraƙi garma ne. Sa'an nan ka mayar da baƙar waya, ita ce ta ƙarshe.

10. Ƙirga sifanunka, kada ka bar ko ɗaya a cikin injin. Tayar da mota. Jar fitila ta mutu, mita ta nuna 13.5 zuwa 14.5, babu kuka babu ƙauri. Zagaya unguwa ka komo ka sake aunawa. Bayan mako guda ka sake duba fambel da notoci.

INDA YA KAMATA KA JANYE HANNU

Ba kowace mota ce ake yi wa wannan a ƙofar gida ba. A wasu altaneta tana sama, kana buɗe bonet ka gan ta, aikin awa ɗaya ko biyu ne. A wasu tana can ƙasa, sai an cire taya ko fankar lagireto. In aikin zai sa ka shiga ƙarƙashin mota, kada ka amince da jak shi kaɗai. In mota mai haɗin fetur da lantarki ce, irin su Prius, ba ta da altaneta irin wannan, wayoyinta masu ruwan lemo kuwa suna ɗauke da wutar da ke kisa, kada ka taɓa. In kuma ka sa sabuwa fitilar ba ta mutu ba, kada ka shiga yanke-yanken waya, kira rewaya. Ba mu ce a raba kanikawa da abincinsu ba. Abin da muke so shi ne direba ya san motarsa, yadda ko ya kai ta gareji ba za a sayar masa da abin da bai lalace ba.

Shi dai maƙwabcin nawa, a ƙarshe ranar wata Asabar ya kwance tasa a gindin mangwaron ƙofar masallacinmu, dattijon rewayan nan yana zaune a benci yana nuna masa da baki. Kafin azahar mota ta tashi, mita ta nuna 14.2. Tsohuwar altanetar ma da aka buɗe ta, burushi ne kawai ya cinye. Ya sa an gyara ta, ya naɗe a buhu ya ajiye a but saboda tafiya gida da Sallah. Bashin batir kuwa sai da ya yi wata biyu yana biya.

Saboda haka masu shirin tafiya Arewa, a auna caji tun ana saura mako guda, ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.